Jakin Iska da Likkafanin Iya

Bana azumi ya sake faɗowa cikin bazara, kuma tun ranar da iskar nan ta fara kaɗawa daga kudu maso yamma raina yake a ɓace. Jiya na shanya zanin gado a igiya, iska ta cika shi ya yi ciki, ya buga fam, sai na tsaya ina kallonsa. 'Yata ta dube ni ta ce, "Umma, ko azumin ne?" Na ce mata azumin ne, amma ba na bana ba. Na bana mai sauƙi ne, ga fanka in an kawo wuta, ga ƙanƙara ana yawo da ita lungu-lungu. Wanda yake cina ya yi shekara talatin da 'yan kai, kuma har yau in na tuna shi sai na ji yawuna ya yi ɗaci.

Shekarar ce ta farko bayan rasuwar Babanmu. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, kakarmu Iya ce ta raine mu a gidanmu na Madabo. Ni Rabi, lokacin aurena ya mutu na dawo gida ina ɗinki. Sai yayana Sule, mai gyaran keke, da matarsa da yaransa ƙanana. Abin da Baba ya bar mana mai suna dukiya ɗaya ne, gona a bayan Ƙofar Kabuga, in ka fita ka bi burtali ka yi arewa. Jigawa ce, gajiyayyiyar ƙasa, in ba ka ba ta ba ba za ta ba ka ba. Duk rani Baba yana tara toka da kashin awaki da sharar gida a bayan ɗaki, in bazara ta shigo jakinsa ya yi ta kwasa a mangala, kafin ruwan fari ya sauka an baje shi a gona. Da geron gonar nan muke kaiwa wata damina.

To, a ranin nan jakin ya ci leda a juji, cikinsa ya kumbura ya mutu.

Muna da baffa, ƙanen Baba uwa ɗaya uba ɗaya, Alhaji Mamman. Yana da a-kori-kura biyu da ke dakon kaya. Tun ba a share makokin Baba ba ya fara maganar a sayar da gonar, wai gari yana tahowa wajen, yana da mai saye. Iya ta ƙi, Yaya ya ƙi. Daga ƙarshe aka zauna a ɗakin Iya aka yanke magana: a ba Yaya damina ɗaya, in gonar ta ciyar da gidan a bar ta, in ta kasa a sayar. Baffa ya ce ya yarda, har da shafa fatiha.

Da azumi ya kama, Yaya ya je ya durƙusa masa a kan aron mota, ko sawu uku ne. Baffa ya ce, "Sule, kai ba a garin nan kake ba? Ina man?" Gaskiya ne ana wahalar mai, motoci suna kwana a layi, masu dakon jakuna kuma duk manyan manoma sun riga sun kama su. Amma a makon nan da idona na ga motar Baffa tana sauke yashi a wurin gininsa. Da na faɗa wa Yaya sai ya ce in yi shiru, baffa uba ne.

Zafin shekarar ba a magana. Da hantsi ƙasa ta riga ta gasu, in ka taka ba takalmi sai ka yi tsalle. Rijiyarmu ta ja baya, guga yana fitowa da rabin laka, sai an bar ruwan ya kwanta a randa. Sahur ɗumamen tuwo ne da ragowar miyar kuka, buɗa-baki kunun tsamiya tsararo. Ƙosai sai ranar da na samu ɗinki, ɗinkin kuma ba ya zuwa, don wanda bai ci ba ba ya tunanin kayan sallah. Iya da tsufanta ba ta sha ko ɗaya ba. Da azahar takan jiƙa zane ta lulluɓa, ta kwanta a zaure tana jan carbi. Tulin takin kuma yana nan bayan ɗaki yana kallonmu, gajimare ya fara leƙowa daga gabas da yamma-yamma.

Yaya ya taɓa cin rani a bakin tafkin Chadi, ya ga masunta suna kafa sanda a kwalekwale su ɗaura zane, iska ta yi musu tuƙi. Wata ranar bayan la'asar yana zaune a ƙofar gida, iska ta ɗauke hularsa ta yi gaba da ita. Ya bi ta da kallo, bai ma tashi ya ɗauko ba. Da ya shigo ya ce, "Rabi, gadon ƙarfenki na aure, kina da abin yi da shi?"

Na ce, "Auren ma ya mutu, balle gadon."

Da gadon aka yi gindin amalanken da iska za ta tura. Ya cire ƙafafunsa, ya je wurin 'yan gwangwan ya tono tayoyin babur biyu ya sa a baya, ya yanko gaban wani mataccen keke da tayarsa ya sa a gaba. Ya ɗaura wa kan keken sanda a gicciye, yadda zai zauna ya juya shi da ƙafa. Bututun wani famfon unguwa da ya daɗe da mutuwa shi ya zama mazaunin gorar da za ta tsaya a tsakiya. Birki katako ne da aka buga wa guntun taya, in an ja shi ya ci ƙasa. Cibiyar tayar keke ya rataya a kan gorar, igiyar guga ta bi ta kai, da ita za a ɗaga zanen a sauke. Mai walda ya ji tausayinmu, amma wuta ba ta ji ba. Yaya yakan yini a bakin shagon da ƙarafansa, leɓe a bushe, in an kawo ta a yi ɗigo biyu a ɗauke. Mutanen unguwa suka sa wa abin suna jakin iska, suna dariya. Ba mu kula su ba.

Zanen ne ya gagara, shi kuma aikina ne. Na farke buhunan algarara na haɗa, suka yi nauyi, iska kuma ta bi ta ramukansu ta wuce abinta. Na haɗa buhunan leda, ashe rana ta cinye su, bugu ɗaya suka zama zare. Na tattara tsofaffin zannuwan gidan, har da na goyo, na yini ina ɗinki. Muka kai bayan gari muka ɗaga, iska ta yi musu kallo ɗaya ta raba su gida uku. Ranar na dawo na zauna a tsakar gida na yi kuka, irin kukan da ba hawaye, don jikin ba ruwa.

Iya ta kira ni ɗakinta, ta ce in jawo adakarta daga ƙarƙashin gado. A can ƙasa ta zaro wani ƙunshi, ta warware. Farin alawayyo ne sabo dal, doguwar ƙwarya guda ba a taɓa yanka ta ba. Kowa a gidan ya san shi. Shekarar da Baffa ya kai ta Makka ya saya mata, aka tsoma shi a ruwan zamzam aka shanya, ta taho da shi ta adana, kamar yadda tsofaffi suke yi.

Na ce, "Iya, wannan fa likkafaninki ne."

Ta ce, "Na ce miki yau zan tafi? Yana kwance, ni ina kwance, yara suna kwana da yunwa. Ɗauki."

Yaya da ya ji ya ce shi ba zai iya ba. Ta dube shi ta ce, "Kai mai gidan nawa, ashe matsoraci na aura. Ni da zan sa shi ban ji tsoro ba sai kai?" Sannan ta juyo gare ni, dariyar ta ɗauke. "Sharaɗina ɗaya, Rabi. Kada almakashi ya taɓa shi. Yadda na ba ki shi guda, haka za ki dawo min da shi."

Duk wanda ya san ɗinki ya san abin da ta ɗora min. Yadin dogo ne siriri, mu kuma faffaɗa muke so. Sai na ninka shi gida uku, ya tafi ya dawo ya sake tafiya, na haɗa baki da baki. Inda ya lanƙwasa sama da ƙasa na bar aljihu, nan gorar sama da ta ƙasa suka shiga. Ban sa shi a keken ɗinki ba, don ɗinkin keke in an zo farkewa yana cin yadi. Da hannu na yi, da babbar allura da zaren ɗinkin buhu, ɗinki mai faɗi wanda za a zare a ja ɗaya. Na yi alwala kafin in taɓa shi. Bakina ya bushe har ba ni da yawun da zan laƙaba wa zare in zura a allura, sai na ajiye ruwa a murfin kwano ina tsomawa.

Lungunan cikin gari ba sa ɗaukar iska, don haka muka raba aikin biyu. Daga sallar asuba mu yi ta tura taki a amalanken aro zuwa bayan Kabuga, muna tarawa a gindin badala. In hantsi ya yi iska ta tashi, mu loda wa jakin iska mangala biyu mu hau burtali. Ni ce mai riƙe igiyar zanen, Yaya yana tuƙi. Mata suna leƙe suna cewa bazawara ta zama ɗan dako. Na ce wadda abin ya dama ta zo ta karɓe ni.

Hawan farko muka kife cikin ƙaya, don na ƙanƙame igiya lokacin da ya kamata in saki. A hankali muka gane halinsa. Burtalin ya yi arewa, iska tana zuwa ta gefen hagu, ashe ta gefe ta fi tura shi a kan ta baya. Nauyi sai ya koma ɓangaren da take bugowa. In ta yi ƙarfi in sassauta, in ta lafa in ja. Ranar da ya fara tafiya sosai, na ji gadon aurena yana gudu a ƙarƙashina, ba jaki ba mai, sai ƙarar taya a kan yashi da farin yadin nan a cike a samanmu. Wasu Fulani da shanunsu suka buɗe mana hanya suna salati. Yaya yana dariya har leɓensa ya tsage ya yi jini. Da yamma in na sauke yadin sai in karkaɗe shi, in ninke, in kai ɗakin Iya ya kwana. Takan shafa shi ta ce, "Ka ga gari yau?"

Mun kai fiye da rabi. Sauran duk mun fito da shi yana gindin badala, aikin 'yan kwanaki ya rage.

Iya ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. Wata maƙwabciya ta tambaye ta inda muka samu farin yadi haka, ta faɗa mata gaskiya. Kafin a sha ruwa maganar ta zaga Madabo, washegari ta isa masallacin da Baffa yake zuwa tafsiri. Aka ce wani ya tare shi a gaban mutane ya ce, "Alhaji, ashe likkafanin tsohuwa ne yake dakon taki, ga motoci a gida?" Abin da ya ƙona shi ke nan. Ba zamzam ba ne, ba lahira ba ce, kada wani ya gaya min. An taɓa masa babbar riga ne a bainar jama'a.

Da hantsi muna cikin lodi ya iso. A motar ya zo, motar da ba ta da mai, da direbansa da wasu dattawa biyu da ya ɗebo su yi masa shaida. Yaya ya sauke mangala ya durƙusa.

Baffa ya ce, "Sule, ashe ba ka da tsoron Allah? Yadin da na tsoma a zamzam da hannuna, shi ka rataya a kan kashin awaki? Fatan mutuwa kuke yi wa uwata, ko wasa kuka mayar da ita?"

Yaya ya ce, "Baffa, ita ta bayar."

"Tsohuwa ce, an juya mata kai. Sauke shi."

Na ce, "Baffa, da ka ba mu motar nan sawu uku, da yana cikin adaka."

Ya ce, "Ke, da ke nake? Wadda ta kasa zaman gidan miji ita za ta koya min magana?" Dattawan suka ce in yi haƙuri, in yi shiru, azumi ake. Kullum mai ƙaramin ƙarfi ake tuna wa azumi.

Yaya ya miƙe zai kwance igiyar a hankali, yadda muke yi, a juya abin ya fuskanci iska tukuna. Baffa ya ture shi. Ya kama ƙullin da kansa ya kasa, don ƙullin Yaya ba na wasa ba ne. Sai ya karɓi wuƙa a hannun direbansa. Na yi ihu na ce, "Baffa, Iya ta ce kada a yanka shi." Bai ko waiwayo ba. Ya datse igiyar ƙasa, iska ta fizgi yadin ta maka masa a fuska, ya kai hannu da wuƙar zai kare. Na ji ƙarar har cikin haƙorina. Yadin da na yi ta lallaɓawa ko bakin almakashi bai gani ba, ya tsage a tsaye, ya fi tsawon hannu biyu. Wanda ya zo ceton likkafanin shi ya yaga shi.

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi gyaran murya ya ce, "To Alhaji, takin yaran fa? Ga hadari yana haɗawa."

Baffa ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Gobe in Allah ya kai mu motata za ta kwashe shi tas. Ni ne ubansu." Aka yi ta sa masa albarka. Ya sa aka ɗaga jakin iska aka jefa a bayan motar, wai abin kunya ne ba zai bar shi a titi ba. Motar tana da wurin gadona da gorar Yaya, ba ta da wurin mangala ko ɗaya. Ya miƙo hannu zai karɓi yadin, na rungume shi na ce, "Ni aka ba, ni zan mayar." Ya ga idon mutane, ya ƙyale ni.

Na durƙusa gaban Iya na warware mata. Ta daɗe tana kallon tsagar. Ba ta zagi ɗanta ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ba ke ba ce. Ajiye."

Gobe ta yi, mota ba ta zo ba. Yaya ya je, aka ce tana layin mai. Jibi aka ce direba ba lafiya. Muka koma ɗauka a ka, ni da buhu, Yaya da biyu a kan keken wani da aka kawo gyara, yana turawa cikin yashi. Sawu ɗaya sai ka ga duhu-duhu a idonka da tsakar rana. Tulin ko alamar raguwa bai yi ba.

Ruwan ya sauko ne bayan la'asar. Gabas ta yi baƙi, iska ta juya, sai ƙamshin ƙasa. Gari ya ɗauki murna, yara suka fito tsirara suna tsalle, mata suna tara bokitai a bakin indararo. Ni ina tsaye a bayan Kabuga, jiƙe sharkaf, ina kallon abin da muka tara rani guda yana narkewa. Baƙin ruwa ya yi hanya ya gangara ramin da ke gindin badala. Yaya ya sa hannu yana tare shi, kamar hannu zai tare ruwa. Mutane suna son ƙamshin ruwan fari. Ni tun ranar ba na son jin sa.

Da kaka gonar ta faɗi gaskiya. Inda taki ya samu gero ya fi mutum tsayi, zangarniya kamar damtse. Ɗaya ɓangaren kuwa wuta-wuta ta cinye shi, karan bai kai gwiwa ba. Ko makaho ya taka gonar ya san inda jakin iska ya tsaya. Abin da muka girbe bai kai mu tsakiyar rani ba. Baffa ya zo ɗakin Iya da dattawansa ya ce, "Alkawari dai an yi shi da fatiha." Nasa alkawarin na mota ba wanda ya tayar. Aka sayar. Yau in ka bi wajen gidaje ne masu dogayen katangu, ba ka ce an taɓa shuka gero ba.

Bayan an sayar da kwana kaɗan Iya ta ce in ɗauko yadin. Na zare ɗinkina, ya koma ƙwarya guda yadda ta ba ni, sai tsagar. Na wanke shi na sake wankewa har ya yi fari tas. Ta ce, "Ɗinke min."

Na ce, "Da wane zare, Iya? Bari in nemo siriri, yadda ba za a gani ba."

Ta ce, "Da wanda kika zare yanzu."

Zaren buhu ne, mai kauri, rana da iska sun sa ya yi ja. Na dube ta, ta dube ni. Na zauna na yi masa ɗinki biyu, tafi da dawowa, ƙulli a kan ƙulli. Ta aika aka kira matar limamin unguwa, ta ce mata a gabana, "Ki shaida, a wannan za a sa ni."

Ba ta ga wata damina ba. Ranar da ta rasu Baffa ya iso da sabon yadi a leda, ya miƙo a ba masu wanka. Matar liman ta aika masa cewa akwai wasiyya. Ya ce yagagge ne, ya yi dakon taki, ba za a kai uwarsa a tsumma ba. Liman ya tambaya ko an wanke, aka ce an wanke. Ya ce, "To Alhaji, mai shi ta zaɓa." Ni na taya su yanka shi, ranar almakashi ya fara taɓa shi. Ƙyallen da ke da ɗinkin shi ya zama na waje, ban kuma juya shi ciki ba.

Mata ba sa zuwa maƙabarta, Yaya ne ya ba ni labari, shi ma sai da aka kwana biyu. Ya ce Baffa ne ya shiga kabarin don ya karɓe ta, shi ne ɗanta da ya rage. Da aka miƙa masa ita, hannunsa ya sauka a kan ɗinkin daidai kafaɗarta. Ya ce ya ga yatsun Baffa sun tsaya, sannan suka bi zaren a hankali suna neman inda ya ƙare. Mutane suna jira, liman yana cewa, "Bismillah, Alhaji." Yatsun suka wuce haƙarƙari, suka wuce ƙugu, ɗinkin bai ƙare ba. Ni ban ƙara ko taƙi ɗaya ba. Iyakar abin da ya yaga ke nan.